Ya ƙi, ya noƙe, ko ya kasa? Kalmomin ƙin yin abu a Turanci da abin da ke ɓoye a cikinsu

A watan Disamba na 2021, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar wa Majalisar Tarayya ƙudirin gyaran dokar zaɓe ba tare da sa hannu ba, jaridun Turanci sun ba da labarin da kalmomi daban-daban. Wasu suka rubuta *declines assent*, wasu *withholds assent*, wasu *refuses to sign*, wasu kuma *rejects*. Da labarin ya iso Hausa, duk suka narke suka koma jimla ɗaya: ya ƙi sa hannu. Fassarar ba ƙarya ba ce. Sai dai kowace daga cikin kalmomin nan huɗu tana ɗauke da ƙarin bayani kan yadda aka ƙi, da kuma inda marubucin labarin ya karkata, kuma wannan ƙarin ya zube a hanya.

Ranar 25 ga Fabrairun 2022 shugaban ya sa hannu, bayan majalisa ta cire batun tilasta wa jam'iyyu zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe. Amma a wurin sa hannun ya koka da ƙaramin sashe na 12 na sashe na 84, wanda ya hana waɗanda aka naɗa muƙaman siyasa zaɓa ko a zaɓe su a tarukan jam'iyya. Shi ma wannan yanayi yana da sunansa a Turanci, *with reservations*: hannu ya sa, baki yana ƙorafi.

## A ƙarshe ya yi ko bai yi ba?

Kalmar da ta fi rikita masu koyon Turanci a wannan fage ita ce *reluctant*. Da yawa suna ɗaukarta a matsayin ƙi, alhali galibi labarin wanda ya yi abin take bayarwa, ko wanda yake dab da yi, amma ransa bai so ba. Asalinta daga Latin ne, daga wata kalma mai nufin kokawa, kuma ta shigo Turanci a ƙarni na 17. Duk wanda ya taɓa jan akuya zuwa kasuwa ya san hoton da ke cikinta. Akuyar tana tirjiya, tana kuka, tana kafa ƙafa a ƙasa, amma kasuwa za ta je. Saboda haka idan jarida ta ce *he reluctantly agreed*, magana ta ƙare, ya amince. Abin da aka ƙara kawai shi ne ba da son ransa ba ne. Wanda ya fassara wannan da "ya ƙi amincewa" ya kifar da labarin gaba ɗaya.

*Unwilling* ta fi ta nauyi. Tsohuwar kalmar Turanci ce, an gina ta daga *will*, wato nufi ko niyya, aka maƙala mata *un* na korewa a gaba. Wanda ake ce wa *reluctant* zuciyarsa biyu ce, ɗaya na cewa yi, ɗaya na cewa bari. Wanda ake ce wa *unwilling* zuciyarsa ɗaya ce, kuma tana wajen bari. Duk da haka ita ma halin zuci take bayyanawa. Ana iya tilasta wa wanda ba ya so, shi ya sa ake samun *unwilling witness*, mai ba da shaidar da sammaci ne ya kawo shi kotu, ba ra'ayinsa ba.

*Refuse* kuwa aiki ce. An nema, ya buɗe baki ya ce a'a, ko ya nuna a aikace. Ita ce ta yi daidai da "ya ƙi", har in ta kama a ƙara mata "ƙememe".

Siyasa ta ba da misalin gefen biyu. Masu rubuta tarihin siyasar Najeriya sun sha kiran Alhaji Shehu Shagari *reluctant president*, saboda kujerar sanata ya so nema kafin jam'iyyar NPN ta tsayar da shi a zaɓen 1979. Laƙabin bai ce ya ƙi mulki ba, ai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni a kai. A ɗaya gefen akwai Janar William Sherman na Amurka, wanda a 1884 aka so tsayar da shi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Republican, ya aika da saƙon cewa in an tsayar da shi ba zai karɓa ba, in an zaɓe shi ba zai hau ba. Har yau in 'yan jaridar Amurka suna so ɗan siyasa ya daina kwana-kwana kan batun takara, sai su tambaye shi ko zai iya magana irin ta Sherman.

## Me ya sa kalmomin suka yi yawa haka?

Amsar tana cikin tarihin Ingila. A 1066 William na Normandi ya ci ƙasar da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ɗaruruwan shekaru, talakawa kuma suka ci gaba da Turancinsu a gona da kasuwa. Daga baya masu ilimi suka yi ta ɗebo kalmomi kai tsaye daga Latin. Sai ma'ana ɗaya ta wayi gari da suna uku: na gida, na fada, da na makaranta. *Unwilling*, *loath* da *balk* 'yan gida ne. *Refuse*, *grudge* da *demur* ta Faransanci suka shigo. *Reluctant*, *hesitant*, *averse*, *reticent* da *recalcitrant* na masu littafi ne. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, domin Larabci ya yi wa harshensa irin wannan: ana "musu" a bakin kasuwa, ana "inkari" a zauren malamai.

Kusan kowace tana ɗauke da hoto, kuma wanda ya riƙe hoton ba kasafai yake kuskuren ma'ana ba.

*Hesitant* daga maƙalewa take. Mutum ya ɗaga ƙafa ya tsaya cak, don bai tabbata ba. Matsalarsa shakka ce, kuma ta ɗan lokaci ce, shi ya sa "ɗari-ɗari" ta fi dacewa da ita, ko "inda-inda" in a magana ne. *Averse* daga kawar da fuska take, kuma halin dindindin take nunawa: *risk-averse* shi ne mai gudun kasada, irin ɗan kasuwar da ya gwammace riba kaɗan da barci mai daɗi. In aka ce mutum *is not averse to* wani abu, to so ne ake faɗa a fakaice. Kada a haɗa ta da *adverse*, mai *d* a ciki, wadda ke siffanta yanayi ko sakamako mai cutarwa, ba halin mutum ba.

*Disinclined* rai ne bai karkata ba. Kalmar alƙalai da manyan ma'aikata ce, mai sanyi a kunne, amma in alƙali ya ce *disinclined* yake ya ba da beli, lauya mai hankali ya san inda aka dosa. *Loath* tsohuwa ce, tushenta abin ƙi, amma yau ta yi laushi ta koma noƙewa mai ƙarfi, kamar a *loath to admit*, wanda amsa laifi ke yi wa wuya. Da zarar an ƙara mata *e* ta zama *loathe*, an koma maganar tsana.

*Grudging* ta fi su ban sha'awa, domin daga kalmar Faransanci mai nufin gunaguni ta fito. An bayar, amma da ƙunƙuni. *Grudging apology* ita ce ban haƙurin da yaro ke yi wa ƙanensa uwa na tsaye a kansa da muciya. *Grudging respect* girmamawar da abokin hamayya ke yi maka ce don ba yadda zai yi. 'Yar uwarta *begrudge* ita ce ƙyashi sak.

*Balk*, wadda Ingilawa kan rubuta *baulk*, kalmar manoma ce. A tsohon Turanci tana nufin tudun ƙasar da garma ta tsallake ta bari tsakanin kwari biyu, kusan kunyar gona ke nan. Daga nan ta koma nufin cikas, sannan ta koma nufin abin da doki ke yi in ya zo gaban cikas ya turje. Yau an fi jin ta a labaran kasuwanci: masu saye sun ji farashi sun ja da baya. Katari ne kawai, amma Hausa ma tana rubuta kunyar gona da kunyar da ke hana mutum miƙa hannu iri ɗaya.

*Recalcitrant* kuwa shurin jaki ne, domin tushenta diddige ne da harbi da shi. Ba ta taɓa zama kalmar tsaka-tsaki ba. Ba wanda ke kiran kansa da ita; na sama ne ke liƙa wa na ƙasa, kamar yadda ake cewa kangararre. *Demur* daga jinkiri ta samo asali, yanzu tana nufin nuna rashin amincewa cikin ladabi, kuma dabam take da *demure*, wadda ke siffanta mai kunya da natsuwa.

Akwai guda da masana ke jayayya a kanta: *reticent*. Tushenta shiru ne, kuma ma'anarta ta asali kame baki, wani abu kusa da kawaici. Amma mutane da yawa, musamman a Amurka, sun koma amfani da ita a madadin *reluctant*, suna cewa *reticent to act*. Masu riƙo da tsohuwar ƙa'ida suna ganin wannan asara ce, domin an rushe bambanci mai amfani tsakanin wanda ba ya son magana da wanda ba ya son aiki. Masu bin yadda jama'a ke magana suna cewa harshe na masu shi ne, kuma ƙamusun Merriam-Webster ya riga ya shigar da sabuwar ma'anar. Ga ɗalibin da ke gaban takardar jarrabawa dai, tsohuwar ma'anar ta fi aminci.

## Albarkar Turawa

A Kantin Kwari mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka". Kowa ya san an ƙi tayin, amma ba a ci wa kowa fuska ba, kuma ƙofar ciniki a buɗe take. *Decline* ita ce albarkar Turanci. Ana amfani da ita ga gayyata, tayi, muƙami ko tambayar ɗan jarida, kuma asalinta karkacewa gefe ne, kamar mutum ya kauce ya ba abu hanya ya wuce. *Refuse* tsayuwa ce gaba da gaba. *Reject* tushenta jifa da abu baya, wato fatali ko watsi, kuma tana nuna an duba abin an ga bai yi ba.

Da wannan ma'auni za a iya komawa kan kanun labaran 2021. Sashe na 58 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya bayyana ko ya amince da ƙudiri ko ya riƙe amincewarsa, kuma kalmar da kundin ya yi amfani da ita ita ce *withhold*. In ya riƙe, majalisa na iya zartar da dokar da rinjayen kashi biyu cikin uku a kowane zaure. Jaridar da ta rubuta *withholds* harshen kundi ta bi. Wadda ta rubuta *declines* ta sassauta. Wadda ta ce *refuses* ta sa ƙamshin taurin kai, wadda ta ce *rejects* kuma ta ba da hoton an yi wurgi da ƙudirin, alhali mayar da shi aka yi don a gyara.

Haka abin yake a jimlar da ake rufe labarai da ita. *Declined to comment* tana nuna mutum yana da damar yin shiru, ya kuma yi amfani da ita. *Refused to comment* tana nuna akwai amsar da ake bin sa bashi ya hana. *Did not respond* an aika masa ne bai amsa ba. *Could not be reached* ba a ma same shi ba, ƙila bai san ana nemansa ba, kuma Hausar rediyo tana da nata: ƙoƙarin jin ta bakinsa ya ci tura. Editoci sun rabu kan biyun farko. Wasu sun fi son *declined* a kowane hali, don kada jarida ta yanke wa mutum hukunci da kalma guda. Wasu kuma suna ganin in jami'in da ke riƙe da dukiyar jama'a aka tambaya sau uku yana zillewa, rubuta *declined* wanke shi ne.

A Birtaniya an ɗaga wannan ladabi har fadar sarauta. In sarki ko sarauniya za su ƙi amincewa da dokar da majalisa ta zartar, lafazin da al'ada ta tanada, cikin tsohon Faransancin Normandi, ma'anarsa ita ce "sarki zai duba" ko "sarauniya za ta duba". Rabon da a furta shi tun 1708, lokacin da Sarauniya Anne ta ƙi wani ƙudiri kan dakarun sa-kai na Scotland. Wanda ya taɓa kai buƙata ofis aka ce masa "za mu duba" ba ya neman tafinta a nan.

## Ba zai yi ba, ko ba zai iya ba?

Nan ne kalmomin ke tashi daga darasin aji su koma abin da ke ɗaure mutum ko ya kwance shi. Turancin doka yana yawan jera *unwilling* da *unable* kafaɗa da kafaɗa, domin sakamakonsu a zahiri ɗaya ne, ba a yi abin ba, amma laifinsu ba ɗaya ba ne.

Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ICC, ta ce a sashe na 17 kotun ba za ta karɓe shari'ar da wata ƙasa ke gudanarwa ba sai in ƙasar ta kasance *unwilling or unable* wajen yin bincike ko gurfanarwa na gaskiya. Ba ta bar kalmomin ga ƙamus ba, ta fayyace su. Rashin niyya shi ne a shirya shari'a don a kare wanda ake zargi, ko a yi ta jan ƙafa ba dalili, ko a gudanar da ita ba cikin 'yanci da adalci ba. Rashin iyawa shi ne tsarin shari'ar ƙasa ya rushe, duka ko mafi yawansa, har ba ta iya kamo wanda ake zargi ko tattara shaida.

Libiya ta ga amfanin wannan bambanci sau biyu a shekara guda. A watan Mayun 2013 alƙalan kotun suka ce shari'ar Saiful Islam, ɗan Mu'ammar Gaddafi, tasu ce, kuma cikin dalilansu akwai cewa gwamnati ba ta iya karɓo shi daga hannun mayaƙan garin Zintan da ke tsare da shi ba. A watan Oktoba na shekarar suka bar wa Libiya shari'ar Abdullahi al-Sanusi, tsohon shugaban hukumar leƙen asiri, bisa cewa a kansa ƙasar tana da niyya kuma tana da iko. Najeriya ma, wadda ta shiga yarjejeniyar a 2001, wannan ma'aunin ake auna ta da shi. A Disambar 2020 mai gabatar da ƙara ta lokacin, Fatou Bensouda 'yar Gambiya, ta rufe binciken share fage na shekara goma kan laifukan da ake zargin Boko Haram da jami'an tsaro, ta ce sharuɗɗan buɗe cikakken bincike sun cika, bayan an ba hukumomin ƙasar lokaci mai tsawo su yi shari'o'in da kansu.

Ba kullum *unwilling* ke zama zargi ba. A yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, ɗan gudun hijira shi ne wanda ba zai iya neman kariyar ƙasarsa ba, ko kuma tsoron zalunci ya sa ba ya son nema. A nan ƙin nasa ne hujjarsa.

Harkar bashi ma a kan wannan layi take tafiya. Bankuna suna raba *ability to pay* da *willingness to pay*, kuma wanda ya yi karatun zaure ya riga su sanin rabon: aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, hadisi kuma ya ce jinkirin mawadaci wajen biya zalunci ne. Mai taurin bashi daban, wanda babu ta kama daban.

Inda rabon ke yawan ɓacewa shi ne asibiti. A ɗauki magidanci da ɗansa ke kwance kwana shida. Ya sayar da tunkiya, kuɗin sun ƙare, ga sabuwar takardar gwaji da ta magani an miƙo masa. Ya samu ma'aikaciyar jinya a teburinta ya ce, "Sista, a taimaka a sallame mu." Ta ce, "Haba Baba, yaron nan fa bai warware ba." Ya ce, "Na sani, 'yata. Abin ne ya fi ƙarfina." Aka kawo takarda ya dangwala yatsa. Sunan takardar *discharge against medical advice*, wato sallama bisa saɓa shawarar likita, kuma a fayil ana iya rubuta *father refused further treatment*. Binciken da likitocin Najeriya suka wallafa kan irin wannan sallama ya sha nuna rashin kuɗi a sahun gaba na dalilai. Mutumin ya ce ya kasa, takarda ta ce ya ƙi, kuma takardar ce likita na gaba zai karanta.

Abin lura shi ne yadda kalmomin ke juyawa in ofis ne ke magana a kan kansa. Wasiƙar banki ko ta kamfanin da aka nemi aiki ba ta cewa *we refuse*. Cewa take *we regret that we are unable to*, muna baƙin cikin ba za mu iya ba, ko da kuwa iyawar tana nan, shawara ce aka yanke. Masu kare wannan salo suna da hujja: ladabi ne, kuma sau da yawa ma'aikacin da ya sa hannu da gaske ƙa'ida ta ɗaure shi. Amma in aka jera takardun biyu, ta bankin da ta asibitin, sai a ga mai riƙe da alƙalami ya ɗauki "kasawa" ya bar wa ɗayan "ƙi".

## Rigimar kalma a fagen rigakafi

A 2014 wani kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fassara *vaccine hesitancy* da jinkirin karɓar rigakafi ko ƙin sa alhali akwai shi a kusa. A 2019 hukumar ta sa shi cikin manyan barazana goma ga lafiyar duniya. Masu goyon bayan kalmar suna cewa ta fi *anti-vaxxer*, wato mai adawa da rigakafi, adalci, domin yawancin iyaye ba 'yan adawa ba ne, masu tambaya ne, kuma wanda aka kira mai ɗari-ɗari an bar masa hanyar dawowa.

Masu suka suna da ƙorafi biyu. Na farko, fassarar ta cusa mai jinkiri da mai ƙi ƙememe cikin buhu ɗaya, alhali *hesitant* ba ta taɓa nufin *refuse* ba. Na biyu, kalmar tana ɗora nauyi a zuciyar uwa, ko da matsalar nisan asibiti ce, ko layi, ko zuwa a tarar allurar ta ƙare. A 2022 hukumar ta koma ga fassarar da ta taƙaita kalmar ga halin zuci, na kokwanto ko adawa, ta raba shi da tambayar ko an yi allurar ko ba a yi ba.

Arewacin Najeriya ya san wannan daga kusa. Abin da ya faru a Kano daga 2003 zuwa Yulin 2004 dakatar da rigakafin shan inna ne daga gwamnatin jiha, kuma jaridun Turanci *boycott* suka kira shi, wato ƙauracewa. Cikin abubuwan da suka ciyar da rashin yarda har da tunawa da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a birnin a 1996 lokacin annobar sanƙarau, wanda ya kai ga shari'a. Bayan an dawo da aikin, gidan da ya hana a ɗiga wa yara maganin shan inna sunansa *non-compliant* a takardun ma'aikata, wato wanda bai bi umarni ba. A ƙarƙashin wannan suna ɗaya akwai mai tsoron maganin, akwai wadda maigidanta ba ya nan kuma ba ta da izini, akwai wanda ke cewa a fara kawo masa maganin zazzaɓi da ruwan sha tukuna. Na ukun ba ɗari-ɗari yake ba, ciniki yake yi. Irin wannan ne ya sa wasu likitoci a ƙasashen Turanci ke neman a riƙa rubuta *declined* maimakon *refused* a fayil ɗin majinyaci, yayin da wasu ke cewa *refused* ta fi fitowa fili in magana ta kai kotu.

## Ƙin da ba a furta ba, da wanda ba na gaske ba

Ba duk ƙi ne ke zuwa da kalmarsa ba, musamman a bakin Ingilawa. *I'm afraid I can't* ba ta da alaƙa da tsoro, a'a ce da aka shafa wa mai. *I'd rather not* a'a ce. *I'll bear it in mind* da *that might be difficult* galibi su ma a'a ne, ko da yake ɗan kasuwar da bai saba ba zai iya komawa masauki yana jiran kira. Bahaushen da aka yi wa tayin abinci ya ce "alhamdu lillahi, a ci lafiya" ya san dabarar, harshen ne kawai ya bambanta.

Akwai kuma noƙewar al'ada. In an zaɓi sabon kakakin majalisar wakilan Birtaniya, 'yan majalisa biyu ne ke kama hannunsa su ja shi zuwa kujera yana nuna kamar ba ya so, kamar yadda aka yi wa Lindsay Hoyle a Nuwambar 2019. Bayanin da ake bayarwa shi ne a can baya kakaki ne ke kai wa sarki saƙon majalisa, kuma saƙon da bai yi wa sarki daɗi ba yana iya jawo wa ɗan aike wahala. Yau mutum ya yi kamfe ya nemi kujerar, sannan a ja shi. Ana so ana kaiwa kasuwa.

## Inda abin ke shafar mai karatu kai tsaye

Ga ɗalibi, waɗannan kalmomi abincin JAMB da WAEC ne, a tambayoyin da ake neman kalma mafi kusa a ma'ana ko kishiyarta, inda za a jera huɗu masu kama da juna. Ginin jimla ma tarko ne. *Reluctant*, *unwilling*, *loath*, *refuse* da *decline* duk suna karɓar *to* da aikatau, kamar *refused to go*. *Averse to* suna ne ke bin ta, ko aikatau mai *ing*. *Reject* kuwa ba ta karɓar *to* sam: ana *reject* ɗin tayi, ba a *reject to go*.

Ga mai fassara labarai, Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Akwai noƙewa, jan ƙafa, ɗari-ɗari, baya-baya, tirjiya, waskewa, ƙeƙasa ƙasa, fatali, da "ba da son ransa ba". Gaggawar ɗakin labarai ce ke sa a tattara su duka a ce "ya ƙi", kuma mai sauraro ya tashi da hoton mutum mai taurin kai inda Turancin ya nuna mai shakka ne kawai.

Ga wanda ake miƙo wa takarda ya sa hannu, kalmomi uku ne ya kamata ya rarrabe. Sa hannu *reluctantly* sa hannu ne cikakke. Doka ba ta warware yarjejeniya don mutum ya shiga yana ɓata rai. *Under duress* na nufin an yi masa barazanar da ta ƙwace masa zaɓi, abin da malaman fiƙihu ke kira ikrahi, kuma in ya tabbatar da haka a kotu ana iya rushe yarjejeniyar. A tsakaninsu akwai *under protest*, wadda mutum kan rubuta kusa da sa hannunsa in zai biya kuɗin da yake ganin ba a bin sa, ko zai karɓi haƙƙin sallamar da yake ganin an tauye. Rubuta ta ba ya soke biyan, kuma nauyin da kotu za ta ba ta ya danganta da dokar wurin da irin takardar. Amfaninta shi ne ta bar shaida a rubuce cewa a ranar da ya sa hannu bai yarda maganar ta mutu ba.